Ɗaliban da Aka Bari a Tsakar Zaure

An ce wai a wani babban birni an yi wata makaranta da ke tara 'ya'yan ƙasashe daban-daban, daga Nijar da Sudan har Labanan. Da mai ita ya rasu, sai kwamitin amintattu ya damƙa ragamarta ga mutum biyu: Dakta Mainasara mai kula da karatu, da Malama Turai mai kula da tarbiyya da ɗakunan kwana.

Shekarar da aka yi nasara, kowannensu ya ce aikinsa ne. Da shekara ta juyo, 'yan ajin ƙarshe da yawa suka faɗi jarrabawar fita. Wata yarinya 'yar Agadas ta daina cin abinci don baƙin ciki, har aka kwantar da ita a asibiti. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu.

Aka kai maganar gaban shugaban kwamitin, Alhaji Barau, tsohon alƙali.

Dakta ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron da ba a hana shi wasa ba, yaya zan koyar da shi?"

Malama ta ce, "Ranka ya daɗe, ni kwanciya da tashi aka ba ni, ba allo ba."

Alhaji Barau ya ce, "Laifi tudu ne. To, a tara mini ajin a zaure, da sababbin shiga da masu maimaitawa."

Da aka taru ya ce, "Zan bar ɗayanku shi kaɗai a kan kujera. Kowa ya zaɓi ɗalibansa, wanda nasa suka fi cin jarrabawa mai zuwa shi ne shugaba."

Nan suka shiga zaɓe kamar masu tayin raguna, kowa na rige-rigen masu kaifin kai. Can sai zaɓe ya tsaya. Waɗanda suka faɗi suka rage a tsakar zaure, kawunansu a sunkuye, wani yaro yana share hawaye da hannun riga.

Dakta ya ce, "Waɗannan na Malama ne."

Malama ta ce, "A'a, nasa ne."

Tsohon ya daɗe yana duban yaran, sannan ya ce, "Na so in san wanda ya kayar da su, kun amsa mini da hannuwanku. Tun kafin su faɗi kuka sake su. Ga hukunci: waɗanda kuka zaɓa ba za a lissafa muku nasararsu ba. Waɗannan da kuka ƙi su ne naku, ku biyu. In ɗaya ya sake faɗuwa, tare za ku fita."

Daga ranar aka ga Malama zaune a bayan aji, aka ga Dakta yana zaga ɗakunan kwana yana tambayar wanda bai ci abinci ba. Da sakamako ya fito, duk suka ci sai yaro guda. Iyaye suka roƙi a yi sassauci, Alhaji Barau ya ƙi. Rana ɗaya Dakta da Malama suka fita, ta ƙofa ɗaya.

Shi ya sa masu hikima suka ce shugabancin tarayya ba rabon nama ba ne, ɗaukar makara ne: wanda ya zame kafaɗarsa, ya kayar da kowa.