Kyaftin da Ranar da Ta Ƙi Faɗuwa

Ku matso ku sha dariya. Lokacin da Jamusawa suka mamaye Norway, ƙasar da ta ce ba ruwanta da yaƙi, wani kyaftin ɗinsu ya dira a ƙauyen masunta can ƙuryar arewa, ana tsakiyar bazara.

Ya daka tsawa, "Ku miƙo jiragen ruwanku duka, ko in ƙone garin!"

A miƙa, yunwa. A ƙi, wuta. Sai Borghild, wata tsohuwa mai shanya kifi, ta matso tana danne dariya.

"Ranka ya daɗe, a al'adarmu ba a rabuwa da jirgi sai rana ta faɗi. Za ka jira?"

"Shi ke nan? Na rantse a gaban sojojina, ba zan taɓa jirgi ba sai rana ta faɗi!"

Ya zauna ya zuba wa rana ido. Ta gangara, ta gangara, har ta kusa taɓa ruwa, sai ta yi kamar ta tuna wani abu, ta koma sama. Masunta kuwa sai fita kamun kifi suke yi, suna ɗaga masa hannu.

"Ke tsohuwa! Wai yaushe rana ke faɗuwa a garin nan?"

Borghild ta ce, "Ai da bazara ba ta faɗuwa a nan, ranka ya daɗe, sai sanyi ya doso. A kawo maka matashin kai?"