Baƙin Inabi a Lambun Sarki

An ce wai a wata ƙasa mai tsaunuka an yi wani kwari da ake kira Malka, wanda mutanensa ba su da wata sana'a sai noman inabi. Iri uku suke nomawa. Akwai fari mai manyan 'ya'ya, wanda ake ci ɗanye, fatake kuma shi suke so. Akwai ja, wanda ake shanyawa ya zama zabibi. Sai baƙi, ƙanana, mai kaurin ɓawo da tsami, wanda yake fitowa ko a tsagin dutse. Mata suna dafa ruwan baƙin har ya yi kauri kamar zuma, a ci da gurasa. Wasu maza kuwa suna matse shi a manyan randuna, su liƙe bakin da laka, bayan watanni ya zama giya.

Wata shekara ƙanen sarki ya sha giyar nan ya bugu, ya faɗa kogi da tsakar rana, aka tsamo gawarsa. Sarki Hamidu ya yi zaman makoki kwana uku, a na huɗu ya sa aka yi shela: duk baƙin inabin da ke ƙasarsa a tumɓuke shi har saiwa, wanda ya ƙi a ƙwace gonarsa, a kore shi daga ƙasar.

Manoma suka sunkuyar da kai, suka ɗauki diga. Mutum ɗaya ce ta ƙi, wata tsohuwa mai suna Tasalla, wadda aikinta aurar da inabi, wato ɗaura reshen wani iri a kan kututturen wani. Gonarta ƙarama ce, gindi sittin, duka baƙi.

Da dogarai suka zo, suka tarar da ita zaune a bakin shinge tana wasa wuƙarta.

Babbansu ya ce, "Iya, shelar ba ta zo kunnenki ba, ko tsufa ne ya toshe shi?"

Ta ce, "Na ji, ɗan nan. Kunnena lafiya lau, hannuna ne ya ƙi."

"To, mu namu bai ƙi ba."

"Ku taɓa, ku gani. Ka san ni, ni na yi wa uwarka wankan jego."

Ba su taɓa ba, amma suka tasa ta gaba zuwa wajen alƙali.

Alƙalin sunansa Malam Ukashatu, ɗan manomi ne, ba ya yawan magana. Ya dube ta ya ce, "Iya Tasalla, kin taɓa matsa giya?"

"Allah ya gafarta Malam, ban taɓa ba, ba kuma zan fara da furfura ba."

"To me ya hana ki bin umarni?"

Ta ce, "Itacen nan bai tura kowa kogi ba. Shekara arba'in yana ciyar da ni, bai taɓa zuwa randa da ƙafarsa ba. In sarki yana son gonata, ya karɓa. In yana son in bar gari, ga hanya nan na gani. Amma in sa hannuna in cire shi, wannan kam a'a."

Tasalla ta san abin da ke tafe, har ta fara tunanin wace ƙasa za ta karɓi tsohuwa mai wuƙa ɗaya.

Alƙali ya ce, "Dokar sarki doka ce, kuma kin karya ta. Ga hukuncinki. Kafin a taɓa gonarki, ke za ki shiga gaban masu tumɓukewa, ki nuna musu kowace baƙar saiwa a ƙasar nan, kada ki tsallake ko ɗaya. Da yake mai doka shi ya fi cancanta ya fara bin ta, daga lambun sarki za a soma."

Tasalla ta fusata. Ta buɗe baki za ta zage shi, sai ta ga yadda yake kallonta, ta tuna cewa ita ce ta aurar da lambun sarki shekara goma sha biyu da suka wuce. Ta rufe bakinta.

Da hantsi aka taru a lambun. Gindi ɗari huɗu ne, duka fari, nonnan inabi suna reto. Sarki ya fito da kansa, ya ce, "Malam, wahalar banza kuka ba kanku. Babu baƙi ko ɗaya a nan."

Tasalla ta nufi jerin itatuwan. Ta durƙusa a gindin farko, ta ture ƙasa da hannu, wani ƙulli ya bayyana a jikin kututturen, kamar gwiwa. Ta kankare ɓawon sama da ƙullin, ta kankare na ƙasa, ta nuna yadda suka bambanta.

Ta ce, "Daga nan zuwa sama, fari. Daga nan zuwa ƙasa, baƙi. Ku cire."

Ta matsa na biyu. "Ku cire." Na uku. "Ku cire." Tana kan na tara sarki ya daka mata tsawa ta tsaya.

"Nawa ne haka?"

"Ranka ya daɗe, duka. Da naka, da na waziri, da jan da ake yin zabibi da shi. Ƙasarmu dutse ce da gara. Saiwar fari ba ta shekara biyu a cikinta. Baƙin ne kawai yake fasa dutse ya kai ruwa. Kowane manomi ya sani, tsoro ne ya ɗaure musu harshe. Ni kuwa babu wanda ya tambaye ni."

Sarki ya juya ga alƙali, idonsa ja. Malam Ukashatu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hanya biyu ce, babu ta uku. Ko dokar ta ci lambunka da kwarin nan gaba ɗaya, mutanenka su yi hijira saboda yunwa, ko ta bar gonar tsohuwar nan. Ba zan iya hukunta saiwa sittin in ƙyale ɗari huɗu ba, alhali irinsu ɗaya."

Sarki ya ce, "Ƙanena fa? Ya tafi a banza ke nan?"

Alƙali ya ce, "Wanda ya kashe shi yana da hannu, yana da randa, ya kuma jira watanni yana sane da abin da yake jira. Shi doka za ta nema. A fasa randunan, a hukunta masu liƙe su."

Sarki ya daɗe yana kallon ƙullin nan. Daga nan ya ba da umarni a sauya shelar, ya ce wa Tasalla ta koma gonarta.

Ta miƙe tana kaɗe ƙasa daga zaninta, ta ce, "Da saura. Maƙwabtana sun cire nasu saboda tsoronka. Yanzu duk wanda zai dasa sabon fari, har da kai, sai ya nemi reshen baƙi, kuma a gonata kaɗai ya rage. Zan ba kowa kyauta. Amma dogaranka ne za su haƙa ramukan."

Babban dogari ya dubi sarki. Sarki ya ce, "Ku nemo diga."

Abin da masu hankali suka ɗauka daga wannan labari shi ne: kafin mai mulki ya ce a tumɓuke abu, ya fara tone ƙasa ya ga abin da nasa yake tsaye a kai.