Gwiwar Tabarma

Akwai wani mai gyaran firij da 'yan unguwa suka laƙaba wa suna Tabarma. Mutumin kirki ne, ga fara'a, ga hannu a ƙwallon kwando, don in ya tsaya a layin jifan kyauta da wuya ya ɓarar. Aibinsa guda ne, kuma daga nan sunan ya samo asali: ko iskar rigarka ce ta taɓa shi, sai ka gan shi shimfiɗe a ƙasa yana salati, don alƙalin wasa ya ba shi jifa biyu.

Kocin ƙungiyarsu ya yi faɗa har ya gaji. Tabarma kan yi dariya ya ce, "Koci, ai faɗuwa ma iyawa ce."

Wata uku da aurensa, ƙungiyarsu ta kai wasan ƙarshe na gasar unguwanni. Amaryarsa ba ta taɓa ganin wasansa ba, labari kawai take sha kullum a kan tabarmar cin abinci. Ita kuwa duk abin da ya faɗa ta ɗauka, ba ta tantama. Ranar ta yi kwalliya, ta zauna a benci na gaba a filin simintin da ke bayan makaranta. Shi kuwa ba abin da yake so irin ta ga ƙwallon nasara ta fita daga hannunsa.

Alƙalin ranar wani tsohon malamin makaranta ne da ake kira Baba Usur. Tun a zangon farko Tabarma ya gwada halinsa, ya zube. Baba Usur bai busa ba, ya dai wuce ta kusa da shi ya ce, "Tashi, ɗana, ƙasar da zafi. Wannan gargaɗi ne."

Saura daƙiƙa huɗu a tashi, abokan hamayya sun fi su da maki ɗaya, Tabarma ya tashi zai jefa, wani ya buge masa hannu. Laifi ne na gaske, kuma nan take usur ya yi ƙara. Da ya tsaya a kan ƙafafunsa, da shi ke nan. Amma hali zanen dutse. Ya faɗi ya riƙe gwiwa, yana birgima yana ihu, wai don a ƙara wa wancan hukunci. Ihun ya yi kyau har mai kantin maganin da ke kula da masu rauni ya shigo da akwatinsa, ya hau naɗe gwiwar da bandeji.

Baba Usur ya durƙusa. "Sannu, ɗana. Da zafi ko?"

"Sosai, Baba!"

"Allah ya sawwaƙe. To, doka ta ce wanda aka shigo aka duba, sai ya fita. Wanda ya canje ka shi zai yi jifan."

Tabarma ya zaro ido. "Baba, ai na ji sauƙi!"

"A'a, ba na wasa da lafiyar mutum," in ji tsohon, fuskarsa ba ko murmushi. "Ku kama shi a hankali."

Haka aka ɗauke shi cak zuwa benci. Wani tela ɗan ƙungiyarsu mai shiru-shiru, wanda duk gasar bai yi minti goma a fili ba, ya shiga ya jefa ta farko ta faɗa, ya jefa ta biyu ta faɗa. Fili ya kaure da sowa, aka ɗaga tela sama.

Amarya ba ta ga ko ɗaya ba. Tana durƙushe gaban mijinta, kwallinta ya zubo da hawaye, tana roƙon a nemo mota a kai shi asibiti. Mutanen da ke kusa suna ta ƙunshe dariya. Kunya ta rufe Tabarma, tausayinta kuma ya fi kunyar ciwo. Ya sunkuya ya ce, "Ki daina kuka. Lafiyata ƙalau, ƙarya nake."

Ta kalle shi, sannan ta dubi masu dariyar.

"Wato duk filin nan kowa ya sani," ta ce a hankali. "Ni kaɗai na yarda da kai."

Da hannunsa ya kwance bandejin. Sun koma gida lafiya, ta kuma yafe masa kafin mako ya zagayo, amma ya ɗauki watanni kafin ya ba ta labari ta daina tambayar, "Da gaske?" Tun daga ranar, in ka ga Tabarma a ƙasa, to ture shi aka yi.

Darasi: Mai ƙarya yana zaton alƙali da abokin hamayya yake yaudara, alhali su sun daɗe da gane shi. Wanda ƙaryarka take kamawa shi ne wanda ya amince da kai, kuma shi ne wanda bai cancanci haka ba. In an ba ka haƙƙinka, karɓi iya shi, kada ka yi masa ƙari.