Maƙerin da Ya Ga Maganaɗisu Ya Tsaya a Iska

Akwai wani maƙeri mai zafin rai, wanda ƙanensa ya zarge shi da cinye uwar maƙerar da ubansu ya bari. Dattawan ikilisiya suka sa musu ranar sulhu, amma shi maƙerin ya riga ya rantse a ranar zai yanke zumunci.

Ana gobe zaman, ya je jami'a gun 'yarsa Tabita, mai binciken kimiyya. Tun daga bakin ƙofa yake faɗa, har ya zauna bai gama ba. Tabita ta ɗauko wani baƙin faifai kamar gutsuren tukunya, ta ɗora ƙaramin maganaɗisu a kansa, ya zauna daram. Sai ta zuba wa faifan wani ruwa mai hayaƙi, wanda ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba. Maganaɗisun ya tashi, ya tsaya a iska.

Maƙerin ya zura takarda a tsakani, bai taɓa komai ba. Shi kuwa a saninsa wuta ce ke sarrafa kowane abu.

Ya ce, “Ke, wace wuta kika sa masa?”

Tabita ta ce, “Babu wuta, Baba. Da ɗuminsa, ƙarfin maganaɗisu yakan ratsa faifan. In ya yi sanyi sosai, sai ya hana shi shiga, shi ya sa maganaɗisun ya tashi.”

Suna kallo ruwan ya ƙafe, maganaɗisun ya sauko a hankali. Ta ce, “Sai ana ƙara masa ruwan.” Mutumin ya koma gida, da yamma ya yi addu'ar da ya daɗe bai yi ba.

A wurin zaman ƙanen ya zazzaga masa baƙaƙen maganganu. Maƙerin ya ji su sarai, amma ba su sami wurin zama ba. Ya ce, “Ƙanena, maƙerar ta ishe mu mu biyu. Zo gobe mu hura wuta.” Ƙanen ya sunkuyar da kai, dattawa suka yi murna ƙwarai.

Ma'anar wannan misali ita ce, faifan zuciyarka ce, maganaɗisun kuwa baƙar magana. Ruwan nan salamar Ubangiji ce, wadda ake samu a wurin addu'a. Ba ta rage wa mai zagi ƙarfin bakinsa, shigar zagin take hanawa. Sai dai ta jiya ba ta isar yau. 'Yan'uwa, wanda ya fita da safe bai durƙusa ba, kada ya yi mamaki in kalma ɗaya ta raba shi da ɗan'uwansa kafin rana ta faɗi.