Godiyar da Sabitu Bai Yi Ba

Akwai wani mai butik, wato ɗan kanti, a unguwar Alibandeng, sunansa Sabitu, Bakano ne da ya shekara goma sha huɗu a Libreville. Yana sayar da shinkafa, mai da sardin. Yana kuma da shafi a intanet, inda yake rubuta wa Hausawan garin abin da ya shafe su: farashin kaya, takardun sabunta katin izinin zama da ake kira kart de sejur, sanarwar suna da ta rasuwa. Masu karatunsa ba za su cika masallaci ba, amma sun fi sahu ɗaya.

Abin da ke damunsa shi ne mutum ya yi sharhi sau ɗaya, ya ɓace. Sai ya samo wata manhaja da ke aika wa duk wanda ya yi sharhi imel nan take: "Sharhinka ya faranta mini rai. Na gode, ka sake dawowa. Naka, Sabitu."

Da ya nuna wa matarsa Ƙulu, ta ce, "To Baban Rauda, kai me ya rage maka?"

"Rubutu."

"Karanta nasu fa?"

"Ai an riga an gode musu."

Ta ce, "Allah ya taimaka," da muryar da take amsa wa mai kifi idan ya rantse na yau ne.

Dabarar ta yi aiki, aƙalla a kan mutum ɗaya. Malam Hammadi tsoho ne daga Garwa, yana sayar da takalma, yana zaune a unguwar Derrière la Prison shi da matarsa. 'Ya'yansa duk suna Kamaru, kuma amsa waya na yi musu nauyi. Sai ga wani bawan Allah da bai taɓa sani ba, ba ya minti ɗaya bai amsa masa ba. Hammadi ya riƙa yin sharhi a ƙarƙashin kowane rubutu, dogo-dogo. Sabitu yana ganin adadin sharhi na hawa, yana jin daɗi. Buɗe su ne dai bai samu lokaci ba.

Wata Talata da hantsi matar Hammadi ta rasu. Ba shi da dangi a garin, ba shi da lambar Sabitu. Ya nufi inda ya saba samun amsa, ya rubuta a ƙarƙashin wani rubutu kan tsadar albasa: "Ɗana, Allah ya yi wa iyalina rasuwa. Za a yi jana'iza bayan la'asar. Ka sanar da jama'a a shafinka, ba ni da mutane da yawa."

Kafin ya ajiye wayar, amsa ta iso. Sharhinsa ya faranta wa Sabitu rai, an gode, ya sake dawowa.

Mutum tara suka yi mata sallah, ciki har da direban motar da ta ɗauki gawar.

Sai bayan kwana takwas Sabitu ya ji, a bakin wani da ya zo sayen sukari. "Kai ne dai ba a gani ba," in ji mutumin. "Tsohon ya yi ta duban hanya, yana cewa mai shafi zai taho da jama'a."

Sabitu ya rufe butik, ya tari takisi. Ya sami Hammadi a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Suka gaisa, ya yi ta'aziyya, sannan ya soma bayanin manhaja da yadda take aiki da kanta. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe.

"Wato duk waɗannan ba kai ba ne."

"Sunana ne, Baba, amma..."

"Na gane. Da na ga amsar ranar, cewa na yi gaggawa ce ta sa ka kuskure. Na yi maka uzuri." Ya gyara zama. "Yanzu wa ka zo yi mini ta'aziyyarta?"

"Iyalinka, Baba."

"Yaya sunanta?"

Sabitu ya dubi tabarma.

"Ba komai," in ji Hammadi. "Ka yi mata addu'a haka nan. Allah ya san ta."

Da Sabitu ya koma gida ya buɗe sharhin tsohon tun daga na farko. Wata shida na jinyar matar tsohon, Bilkissou, yana nan a jere. Ƙarƙashin farashin shinkafa, ta daina cin abinci. Ƙarƙashin bayanin kart de sejur, an kwantar da ita a asibiti. A wani wurin ta ce a gaishe da yaron nan mai ladabi da ba ya gajiya da tsoho.

Sabitu ya kashe manhajar. Ya rubuta wa Hammadi doguwar wasiƙa da kansa, ya sa sunan marigayiyar a layin farko. Ya jira. Har yau yakan duba.

Darasi: Godiyar da ba a saurara kafin a yi ta ba, ba godiya ba ce. Idan kana son mutane su dawo wurinka, ka fara karanta abin da suka ce. Tura wa wanda ka san yana da shafi. In ya amsa maka cikin daƙiƙa biyar, ka sake tura masa.