Tulun Mai-lalle

Ku gyara zama, ga wata magana ta zo muku, kuma ba za ta tashi ba sai kun raba gardama.

A wani ƙauye da ake kira Rafin Kargo an yi wata tsohuwa mai suna Tabawa, wadda take da wani irin wake da babu kamarsa a duk yankin. Fari ne tas, sai ɗan ja a hancinsa, shi ya sa ake ce masa mai-lalle. Ba ya daɗewa a tukunya, ƙosansa na tashi, harawarsa kuwa tumaki ba sa barin ko kara. Daga kakarta ta gaje shi, a cikin wani baƙin tulu da ake zuba wa toka a liƙe bakinsa da yumɓu. Al'adar gidan ita ce hannu ɗaya ke riƙon tulun. Ba a raba shi kamar sauran gado. Wanda ke riƙe da shi, shi ke zaɓen iri, shi ke bai wa wanda ya ga dama.

Sai wata damina cuta ta faɗa wa waken garin. Ganye ya fara yin ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa mai, sannan ya ƙone, gefensa ya yi rawaya, ya zube. Kara ya tsattsage, kwanso ya yi tabo. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce ƙwayar cuta ce ta bakteriya, kuma a cikin irin take kwana. Duk wanda ya shuka tsohon iri ya shuka cutar, ruwan sama kuma zai fantsama ta gonar maƙwabci. Mai gari da ƙungiyar manoma suka yanke cewa kowa ya fito da tsohon irinsa a ƙona, ƙungiya za ta raba sabo.

Kowa ya kai nasa, ban da Tabawa. Ta jawo tulun tsakar gida ta zauna kusa da shi, ta ce wa 'yan aike, "Ku gaya wa mai gari ina gaisuwa. Wanda zai ƙona wannan sai ya fara da ni." Amma a ranta ta san bakin tsohuwa ba zai tare garin ba. Tana da 'ya'ya uku: Korau babba, sai Marka, sai Nomau.

Korau ne ya tafi ƙofar mai gari ranar da aka tara jama'a. Ba ɓoye tulun ya yi ba, ba kuma ƙarya ya yi ya ce an cinye ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, iri yana gidanmu, kuma ba za mu kawo ba."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce, "To mu da muka ƙona namu wawaye ne?"

Korau ya ce, "Ban faɗa ba. Amma naku ana samunsa a kasuwa. Namu in ya shiga wuta ya tafi ke nan har abada. A ba mu damina ɗaya, mu shuka shi nesa da gonar kowa. In cutar ta ci gonar, ni da hannuna zan ƙyasta ashana, har da tulun."

Mai gari ya yarda, amma ƙungiya ta cire sunansa. Babu sabon iri, babu gayya, abokansa na majalisa suka riƙa tashi in ya zauna. Tabawa ta ga yadda ɗanta ke dawowa gida shi kaɗai.

Marka kuwa karatun aikin gona ta yi, tana aiki a birni. Da labari ya kai mata, ta zo da ƙaramar jaka, ciki da ma'aunin zafi da ƙullin jan magani. Ta shimfiɗa tabarma ta juye tulun, ta bi waken ƙwaya-ƙwaya tana fitar da mai tabo da wanda ya yamutse. Tabawa na kallon abin da ake warewa yana taruwa. Sannan Marka ta ɗora ruwa a murhu.

"Ke Marka, dafa mini iri za ki yi?"

"Ba dafawa ba ce, Inna. Zafi ne daidai wanda zai rage cutar. Na gwada da ɗan kaɗan a jiƙaƙƙen buhu, ya tsira. Amma ba zan ɓoye miki ba, wasu za su mutu."

"Abin da na hana mai gari, shi za ki yi mini a cikin gidana?"

"Shi da wuta ya zo, ni da ma'auni. In kin hana ni, Yaya Korau zai ƙona shi da kaka."

Ta tsoma waken tana duban ma'auni, ba ta ɗaga ido ba har ta tsame. Ta shanya a inuwa, ta cuɗe shi da maganin har ya koma ja, ta gargaɗi kowa cewa daga yau wannan ba abinci ba ne, ko kaza kada ta taɓa. Tana gamawa ta tsaya a gaban uwarta ta miƙa hannu.

"Inna, wanda ke haɓar zanenki."

Tabawa ta ƙulle ɗan kaɗan ne ba tare da magani ba, don ko ta-kwana. Ta harari 'yarta, 'yar ba ta sauke hannu ba. "Ƙwaya ɗaya mai cuta ta isa ta mayar da mu baya," in ji Marka. Tsohuwa ta kwance ta ba ta. Kafin Marka ta koma birni ta ce magani ya rage cutar ne kawai, sauran aikin yana gona.

Gonar kuwa Nomau ne ya ɗauke ta. Ya haye rafi ya share wani tudu da aka daɗe ba a shuka wake ba, ya kafa bukka. Ranar shuka Tabawa ma ta zo ta shuka kunya ɗaya da hannunta. Wasu ramukan ba su tsira ba, kamar yadda Marka ta faɗa. Abin da ya tsira ya tsare shi kamar idonsa. Ba ya shiga in ganye na da raɓa ko an ɗauke ruwa yanzu, don jiƙaƙƙen ganye ne ke ba cutar hanya. Masu wucewa da safe suna ganinsa zaune, suna cewa, "Nomau, sunan ne kawai? Sai rana ta take?" Ya ce, "Sai ta take." Fartanyar da ya yi aiki da ita a wata gona ba ta hawa tudun sai an wanke. Gonar geronsa ta can gari ciyawa ta cinye ta, bai koma ba.

Wata safiya Tabawa ta dogara sanda ta haye rafi don ta ga wakenta. Nomau ya tare ta a bakin gona.

"Inna, tsaya nan. Raɓa ba ta bushe ba."

"Gonar wakena za ka hana ni?"

"Wakenki ne ya sa na hana ki."

Tana tsaye daga nesa ta hango kunyar da ta shuka da hannunta, wadda ta fi kowace yabanya kyau. A wannan kunyar ce Nomau ya ga ɗigon mai a ganye. Ya jira rana ta busar da gonar, ya tuge su har saiwa, da na kusa da su, ya kai gefe ya ƙona a kan idonta. Tabawa ta kira shi mara imani, ta juya ta tafi. Bai bi ta da ban-haƙuri ba, ya koma duban ganye.

Da kaka ta yi, malamin gona ya hau tudun, ya bi kunya-kunya, ya fasa kwanso ya duba. Ya ce shi bai ga cuta ba, a ci gaba da yin haka kowace shekara. Waken bai yi yawa ba, amma ya cika tulun. Waɗanda suka riƙa tashi daga majalisa su ne suka fara aiko matansu da 'yan ƙore, ko a san musu kaɗan.

To, Tabawa ta tsufa, idonta ba ya iya bambanta ƙwaya mai tabo da lafiyayya. Ta san lokaci ya yi da tulu zai sauya hannu. Ta tara su ukun. Korau ya ce ba don shi ba, da toka ake magana yanzu. Marka ta ce, "Yaya, ba don ni ba, cuta ka ceto, ba wake ba." Nomau ya ce shi dai ya san abin da aka ba shi rabinsa matacce ne, sauran kuma da saura a jikinsa.

Tsohuwa ta dafa tulun. Ɗaya ya yi wa gari tsaye saboda ita, biyu kuma ita suka yi wa tsaye, kuma da sun bi maganarta da wake ya tafi. Ta ce ba za ta fasa tulun kakarta don a raba ba, ko da duk su ukun za su yi fushi.

Ga tulu nan a tsakar gida, bakinsa a liƙe, hannu ɗaya yake jira. To, ku da kuka ji, wa za ta miƙa wa: Korau, Marka, ko Nomau?