Wanda Bai Ga Kowa Ba

An ce wai a wani gari da ke gefen fadama an yi wani alƙali mai suna Malam Muntari, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ba a gane inda ya dosa sai ya yanke hukunci. A zamaninsa aka shimfiɗa kwalta daga garin zuwa ƙauyen 'yan lambu, siririyar hanya wadda da kyar motoci biyu ke giftawa a kanta. Tun kafin kwaltar, masu kekuna ne ke bin hanyar da kayan lambunsu. Da motoci suka yawaita sai zama ya yi tsami. Masu mota suna cewa da gangan masu keke ke tare musu hanya, masu keke kuma suna cewa masu mota ba su ɗauke su mutane ba.

A garin akwai wata 'yar kasuwa, Hajiya Zuwaira, mai sayar da atamfofi. Ba haifaffiyar garin ba ce, aure ne ya kawo ta, kuma da mijinta ya rasu sai ta zauna ta riƙe shagonsa. Da girmanta ta koyi tuƙi, ta sayi wata farar mota tana kai kaya kasuwar ƙauye. Tuƙinta a hankali yake, har 'yan tasha kan yi mata dariya idan ta wuce, su ce ga mai koyo nan.

Wata safiya mota ta bugi wani ɗan lambu mai suna Malam Ilu ta baya, yana komawa gida da buhun taki a kan kekensa. Ta jefa shi cikin kwari, ƙafarsa ta karye a cinya. Abin da idonsa ya kama shi ne bayan wata farar mota tana ɓacewa. Masu ban ruwa a fadama suka ce fararen motoci biyu ne suka bi hanyar da safiyar nan, ta Hajiya Zuwaira da ta Alhaji Sabi'u, ɗan kwangila, ɗan asalin garin, mutumin da kullum wayarsa ke manne a kunnensa. Sai dai sun kasa haɗa baki a kan wadda ta riga wucewa.

Aka kai magana gaban alƙali. Ya fara tambayar Alhaji Sabi'u.

Alhaji ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na bi hanyar, ban musa ba. Amma ko Alƙur'ani aka kawo zan dafa, ban ga wani mai keke ba, balle in buge shi."

Alƙali ya juya ga Hajiya Zuwaira. Ta ce, "Ni kam na gan shi, Allah ya gafarta Malam. Yana gabana da buhunsa, na bi bayansa har hanya ta buɗe, na wuce shi lafiya lau. Abin da ya faru bayan nan ban sani ba."

Nan take kotu ta ɗauki ƙus-ƙus. Ta ji wani a bayanta yana cewa ai ta amsa da bakinta, tunda ita ce ta je kusa da shi. Aka fita aka duba motocin. A gefen dama na motarta akwai ƙarzuwa guda, ta ce ƙofar gidanta ce ta goge ta, wasu suka yi murmushi. Motar Alhaji kuwa duk jikinta tabo ne, ba mai iya bambance sabo da tsoho.

Da aka dawo ciki, alƙali ya ce, "Malam Ilu ba zai ɗagu ba, ni kuma ba na yanke hukunci a bayan idon wanda aka cuta. Ranar kasuwar ƙauyensu zan zauna a ƙofar gidansa. Kowannenku ya zo shi kaɗai a motarsa. Masinjan kotu zai sallame ku daga ƙofar gari da hantsi, Alhaji a gaba, Hajiya a baya. Zan kuwa lura da yadda kowa ya zo."

Hajiya Zuwaira ta koma gida zuciyarta cike da zargi. Ta san alƙali da Alhaji Sabi'u a masallaci ɗaya suke salla, ta kuma san Alhajin ne ya yi wa masallacin rufi. Ta tuna da aka tashi daga kotu ta ji alƙali yana tambayarsa jikin mahaifinsa, ita kuwa ko kallonta bai yi ba. Ta juya maganarsa ta ƙarshe a ranta, ta ga ba ta da ma'ana sai ɗaya: wanda ya makara shi ne mai laifi. Duk garin an san ita ce mai tafiyar hawainiya, kuma ita aka sa a baya. Ta ce a ranta an riga an gama shari'a, fita kunya kawai ake so a yi.

Kwanakin da suka biyo baya ba su rage mata komai ba. Matan da suka saba zama a shagonta suna taɓa atamfa suka koma gaishe ta daga bakin titi. Masu kekuna suka daina amsa sallamarta, har labari ya iso mata cewa wasunsu sun ce idan kotu ta sake ta, su ba za su saki motar ba. Ta kai ko yaya wani ya tsaya kusa da motar sai ta leƙo ta ga abin da ke hannunsa.

Ranar kasuwa ta zo. A ƙofar gari masinja ya ɗaga wa Alhaji hannu, motarsa ta zabura, kafin ƙiftawar ido ta ɓace. Ya tsayar da Hajiya har ta fara tunanin ko an ce ya riƙe ta ne, sannan ya ce ta tafi.

Ta taka motar fiye da yadda ta saba. Hanya cike take da 'yan kasuwa, wasu a ƙasa, wasu a kan kekuna, tana ratsa su. Da ta kai inda hanyar ta fi matsewa, kwari a dama, manyan motocin ɗaukar albasa suna tahowa a hagu, sai ta cimma wani tsoho a kan keke. Ya sa malafa, ya rufe fuskarsa da ƙyalle, ya ɗaura naɗin tabarmi a gicciye a bayansa. Naɗin ya karkace gefe guda, keken yana tangaɗi, tsohon yana tafe kamar wanda ba ya da inda za shi.

Ba damar wucewa sai ta matse shi. Ta sassauta, ta bi bayansa. Aka yi tafiya, tsoho bai kauce ba, bai kuma ƙara sauri ba. Sai wani tunani ya faɗo mata: anya ba Alhaji Sabi'u ne ya ɗauko tsohon nan ya ajiye mata a hanya ba? Me zai sa mutum ya zaɓi wannan wuri da wannan lokaci? Ta ɗora hannu a kan ham. Ta ga idan ta danna, tsohon zai iya firgita ya faɗa kwari. Ta dubi ratar da ke tsakaninsa da motocin albasa, ta ga da ɗan ƙarfin hali za ta shige, wataƙila ta taɓa tabarmin, wataƙila ba za ta taɓa ba. Ta tuna an ce har yanzu Malam Ilu ba ya iya juyawa a shimfiɗa sai an juya shi. Ta janye hannunta, ta ce a fili, ita kaɗai a mota, "Ko an aiko ka, Baba, ba ni zan kayar da kai ba."

Haka ta bi shi har hanya ta buɗe, ta ba shi fili sosai, ta wuce.

Ta isa ƙauyen rana ta ɗaga. An fito da Malam Ilu an kwantar da shi a inuwar ƙofar gidansa, ƙafarsa a ɗaure da karare, jama'a sun kewaye wurin, kekuna jingine a jikin katanga. Alhaji Sabi'u yana zaune a kan benci yana waya. Da ya gan ta ya dubi agogonsa, ya dubi mutane. Alƙali bai iso ba tukuna, amma ta san akwai masu gaya masa wanda ya riga zuwa.

Can sai ga shi ya fito daga zauren mai unguwa da rawaninsa, ya zauna, ya gaida majinyaci. Bai tambayi wanda ya makara ba. Ya ce, "Alhaji, yaya ka baro hanya? Wa da wa ka gani?"

Alhaji ya ce, "Lafiya lau, Allah ya gafarta Malam. Ban tsaya ko'ina ba. Ban da manyan motoci, ban lura da kowa ba."

"Ko mai keke guda?"

"Wataƙila akwai su can gefe. Ni dai ba wanda ya shiga gabana."

Alƙali ya ce, "Hajiya, ke fa? Me ya tsayar da ke?"

Ta auna ko wannan ma tarko ne. Sannan ta ga ba ta da abin faɗa sai abin da ya faru. Ta ce, "Wani tsoho ne mai malafa, da tabarmi a bayan kekensa. Ɗaurin ya karkace, hannun rigarsa na hagu a yage, tayar baya kuma ba ta da isasshiyar iska. A inda hanya ta matse a gefen kwarin nan na same shi, na rasa yadda zan wuce shi ban taɓa shi ba, sai na jira."

Alƙali ya yi wa wani masinjan kotu da ke wurin alama. Masinja ya shiga zaure ya turo keke da naɗin tabarmi a karkace, malafa rataye a ƙahonsa, da wata tsohuwar riga mai yagaggen hannu. Alƙali ya naɗe hannun rigarsa ta sama, ya nuna gwiwar hannunsa ta hagu, ga sabuwar ƙujewa tana tsattsafo da jini. 

Ya ce, "Ni ne tsohon. Lokacin da na baro gari rigar nan lafiyarta lau, ɗaurin tabarmin kuma daidai yake. A je a duba madubin dama na motar Alhaji."

Aka je aka duba, sai ga zaren kaba maƙale a jikin madubin. Aka kawo, aka gwada da gefen tabarmar da ya zare, ya yi daidai.

Alhaji Sabi'u ya miƙe tsaye, ya dubi kabar, ya dubi hannun alƙali. Ya ce, "Wallahi ban gan ka ba."

Alƙali ya ce, "Na yarda. Tun a kotu na yarda da kai, shi ya sa ban ba ka rantsuwa ba, don na san za ka rantse a kan gaskiya. Mutanen nan sun ɗauka wadda ta ce ta ga Malam Ilu ita ce ta buge shi. Ni kuwa na daɗe ina bin hanyar nan, ban taɓa samunta da safe babu masu keke ba. Da ka ce ba ka ga ko ɗaya ba, sai na ce ko dai ƙarya kake yi, ko kuwa idonka ya daina ganin duk abin da bai kai girman motarka ba. Na hau keke ne don in san wanne ne. Yau ka goge ni, saura kaɗan in faɗa inda Malam Ilu ya faɗa, ka zo nan ka zauna hankalinka kwance. Yanzu ka tuna da kyau. Ranar nan ba ka ji komai ba?"

Alhaji ya koma ya zauna a hankali. Ya ce, "Ina kan waya. Na ji wani ƙara a gefe, na ɗauka rami na faɗa." Ya juya ya dubi ƙafar Malam Ilu.

Alƙali ya yanke cewa jinyar Malam Ilu da cin iyalinsa da ban ruwan lambunsa duk suna wuyan Alhaji har ya warke. Motar Alhaji kuma za ta zauna a harabar kotu, ba zai karɓe ta ba sai ranar da Malam Ilu ya sake hawa kekensa da ƙafarsa. Kafin nan, duk ranar kasuwa zai zo duba shi, kuma a kan keke zai zo, ta wannan hanyar.

Da jama'a suka fara watsewa, Hajiya Zuwaira ta matso ta durƙusa. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ina bayanka ɗazu ina cewa hayar ka aka yi don ka makarar da ni."

Alƙali ya ce, "Na ji motarki tana huci a bayana, na san ba fatan alheri kike yi mini ba. Amma ni ba abin da ke cikin ranki nake wa shari'a ba, Hajiya. Kina zargina, kina tsoron hukunci, duk da haka kika bar mini hanya. Wannan shi na gani."

Malam Ilu ya ɗago hannu daga shimfiɗarsa ya ce ta yafe musu zargin da suka yi mata. Da ta tashi tafiya, masu kekunan da ke tsaye a bakin hanya suka janye kekunansu gefe, wani dattijo a cikinsu ya ce mata ta sauka lafiya.

Masu ba da wannan labari sukan rufe shi da cewa: duk wanda sauri ya kai shi ga daina ganin mutanen da ke hanyarsa, ranar da ya ce bai ga kowa ba, shaida ya bayar a kan kansa.